Yadda ake gane ciwon giyar otomatik daga yanayin canjinta

Yawancin masu motar otomatik da ke zuwa gareji magana ɗaya suke yi: "Giyata tana ba ni matsala." Ka tambaye su wace irin matsala, a wace giya, da safe ko da rana, sai amsa ta gagara. A nan ne ake yin asara, domin makanikin da bai samu bayani ba yakan yanke hukunci mafi sauƙi a wurinsa, wato a sauke giyabos a sayo ɗan Beljiyam. Alhali sau da yawa abin da ke damun motar bai wuce mai da ya yi ƙasa ba, ko filogi ɗaya da ya mutu, ko robar da ta tsage. Giya tana nuna ciwonta ta yadda take canzawa, kuma duk mai haƙuri zai iya koyon karanta wannan alama da jikinsa da idonsa kafin a taɓa noti ko ɗaya.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ko farar takarda. Kana bukatar tocila, da agogon ƙirga daƙiƙa na wayarka, da littafi da biro. Ka nemi mutum ɗaya ya zauna kusa da kai yana rubuta abin da kake faɗa. Idan babu, kunna abin naɗar murya na waya ka ajiye ta, ka riƙa magana kana tuƙi. Kada ka yi rubutu hannunka na kan sitiyari. Ka samu katako ko duwatsu biyu na tare taya. Idan da hali, ka ari na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake cusawa a ramin OBD mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da shi.

Abu mafi muhimmanci shi ne hanya. Ka zaɓi titi mai kyau, miƙaƙƙe, marar cunkoso, inda za ka iya kai kilomita 80 a awa ba tare da fargaba ba, in da hali mai ɗan hawa a wani wuri. Titi mai gargada zai ruɗe ka, don ba za ka bambance girgizar hanya da ta giya ba. Ka lura kuma motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirgawa a manyan lambobi: mil 40 kusan kilomita 64 ne.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

A cikin giyabos akwai famfo da ke tura mai da ƙarfi, akwai tarin fayafayan kulochi, akwai solonoyid da ke buɗe wa mai hanya da umarnin kwamfutar mota, wadda muke kira biren-bos. Tsakanin inji da giyabos akwai tok-kombata, shi ke ɗaukar ƙarfin inji ta hanyar mai, kuma idan mota ta daidaita a gudu yana da kulochin kansa da ke kullewa. Duk canjin giya guda abu biyu ne: kulochi ɗaya ya saki, wani ya kama. Idan na biyu ya makara, inji zai yi ihu a banza. Idan ya kama da ƙarfin da ya wuce kima, za ka ji duka. Wannan kaɗai ka riƙe, sauran zai zo da sauƙi.

Mataki na 1: San irin giyabos ɗin da kake da shi

Ba kowace otomatik ke canzawa iri ɗaya ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 giya huɗu gare ta, Accord ta 2003 zuwa 2007 da ake kira EOD giya biyar. Giyar Honda ta waɗannan shekarun dama can takan shiga da ɗan tauri fiye da ta Toyota, wannan ƙirarta ce. Nissan Murano daga 2003 da Altima daga 2007 suna da CVT, wadda bel da fulai ke aiki a cikinta, babu hawa-hawa na ɗaya, biyu, uku. A cikinta allurar RPM, mai nuna saurin juyawar inji, takan tashi ta tsaya wuri guda mota na ƙara gudu, kuma lafiyarta ke nan. Wanda bai san haka ba zai rantse giya na santsi. Duba littafin motar ko ka tambayi wanda ya san ƙirar, ka rubuta yawan giyar da kake sa ran ƙirgawa.

Mataki na 2: Duba man giya

Ka yi tuƙi na kamar minti goma sha biyar har mota ta yi zafinta na aiki, ka tsaya a wuri mai daidai. Ka taka birki, ka bi da sandar giya ta kowane gurbi daga P har L, kana ɗan tsayawa a kowanne, ka dawo P. A Toyota da yawancin motoci, inji na kunne ake zaro geji, wato sandar auna man giya. A Honda kashe inji ake yi, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Mutane da yawa na yin kuskure a nan, su auna Toyota a kashe su ga mai ya cika, alhali ya yi ƙasa. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa, ka karanta a alamar HOT.

Ɗiga man a kan farin ƙyallen, ka kalla, ka sansana. Ja ko ja mai ɗan duhu, ba wari, lafiya. Ruwan ƙasa mai duhu ya tsufa. Baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin fayafayan kulochi sun ci wuta. Idan ka ga kumfa, mai ya yi yawa ko ya yi ƙasa har famfo na zuƙar iska, kuma duka biyun suna kawo santsi. Idan ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga. Hakan na faruwa ta hanya biyu: ko bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ya fashe, kamar yadda aka san Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 da shi, ko kuma an kutsa da mota cikin ambaliya da damina. Motar da ruwa ya shiga giyarta ba a ci gaba da gwada ta, a tsaya nan.

Ka tambayi kanka kuma wane mai aka zuba na ƙarshe. Wannan magana ina jaddada ta domin a kasuwa duk jan mai sunansa ATF, kuma mai shago zai miƙo maka wanda ke kusa da hannunsa. Camry ta 2002 zuwa 2006 T-IV take sha, ta 2007 zuwa sama WS. Honda tana da Z1 a da, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. CVT ta Nissan NS-2 ko NS-3 take so, kuma jan mai na gama-gari yana kashe ta. Yawanci an rubuta sunan man a jikin geji. Man da bai dace ba shi kaɗai ya isa ya jawo karkarwa da duka.

Wasu motocin ba su da geji kwata-kwata, kamar Camry mai V6 ta 2007 zuwa sama. Irin waɗannan ta wani noti da ke ƙasa ake duba cikar mai, a wani takamaiman zafi, mota a ɗage daidai. Idan taka ce, leƙa ƙarƙashi da tocila ka nemi yoyo, aunawar kuma ka bar wa mai kayan aiki.

Mataki na 3: Dubi fitilun dashbod, ka karanta lambobi

Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka tabbatar fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. Idan ba ta kamawa sam, wataƙila an cire ƙwanta don a ɓoye matsala, abin da ake samu a motocin da aka saya a hannun wani. A Honda, harafin D da ke ƙyafta ido saƙo ne daga giya. A tsofaffin Toyota, fitilar O/D OFF ce ke yin haka.

Idan kana da na'ura, rubuta lambobin kafin kowa ya goge su. P0700 yana cewa kwamfutar giya ta ga matsala ne kawai, ainihin bayanin na wata lambar. P0715 da P0720 na sensa masu auna gudun shiga da na fita ne, P0730 giya ba ta ba da lissafin da ake tsammani ba, P0740 da P0741 kulochin tok-kombata, P0750 da P0755 solonoyid. P0300 zuwa P0306 kuwa na inji ne, silinda na fashin wuta. Lamba tana nuna unguwar da ciwon yake, wani lokaci waya ce ta tsinke ko soket ya yi datti. Ƙananan na'urori masu arha ba sa ganin duk lambobin giya, don haka rashin lamba bai wanke giyabos ba.

Mataki na 4: Gwajin tsaye

Ja birkin hannu, tare tayoyi, taka birki sosai. Kada kowa ya tsaya gaban mota ko bayanta. Inji na salo, wato yana kunne ba a taka totur ba, mota da zafinta, sa giya a N. Danna agogo daidai lokacin da ka jawo zuwa D, ka tsayar da shi sa'ad da ka ji mota ta ɗan yi nauyi alamar giya ta kama. Littafin gyara na Toyota yana son N zuwa D ya kasance ƙasa da daƙiƙa 1.2, N zuwa R ƙasa da 1.5. Yi sau uku kowanne, kana barin minti ɗaya tsakani, ka ɗauki matsakaici. Sauran motoci ba su yi nisa da wannan ba.

Jinkirin daƙiƙa uku ko huɗu a D da R duka yana nuna mai ya yi ƙasa, ko filta ta toshe, ko famfo ya gaji. Jinkiri a ɗaya kawai yana nuna kulochin wannan ɓangaren. Jinkirin da ke zuwa da sassafe kawai ya ɓace idan mota ta yi zafi yawanci robobin ciki ne suka bushe.

Idan kuma giya na shiga da "gif" mai girgiza kujera, kada ka yi saurin zargin giyabos. Da farko dubi allurar RPM: inji mai zafi ya kamata ya zauna wajen 650 zuwa 800. Idan salo ya haura 1,000, dole giya ta shiga da duka. Na biyu, buɗe bonet, abokinka ya tsaya a gefe, daga gefe nake cewa, ya kalli inji kana sauyawa tsakanin D da R. Inji mai lafiya ɗan motsi kaɗan yake yi. Idan yana ɗagowa yana faɗawa, injin-sit, wato robar da inji ke zaune a kai, ya tsage, kuma gyaran wannan bai kai ko kusa da kuɗin giyabos ba.

Mataki na 5: Hau hanya, sau biyu

Gwaji ɗaya da safe mota ta kwana, ɗaya bayan ta yi zafi sosai, zai fi kyau bayan ta sha gosulo da rana. Kashe rediyo da iyakwandishan, rufe gilasai.

Tashi daga tsaye da totur kaɗan, ka riƙe ƙafarka wuri ɗaya, kada ka ƙara kada ka rage. Wannan shi ne sirrin gwajin duka, domin duk motsin ƙafa yana sauya shawarar kwamfuta. Idonka na leƙen allurar RPM. A giya mai lafiya allura za ta hau zuwa wajen 2,000 ko 2,500, ta faɗo lokaci guda, ta sake hawa. Kowace faɗowa canji ɗaya ce. Ƙirga da baki: "ɗaya zuwa biyu, kilomita 20, sumul." Bayan giyar ƙarshe za ka ga wata 'yar faɗowa ta RPM 100 zuwa 300, wannan kulochin tok-kombata ne ya kulle, ba wata giya ba ce. Maimaita da rabin totur. Canjin zai zo a makare kuma da ɗan ƙarfi, haka ya kamata. Motar da ba ta da agogon RPM, kunne ne zai yi aikin, ko na'urar OBD da ke nunawa a waya.

Da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, Toyota da wasu motoci da gangan suke ƙin shiga giyar ƙarshe har sai ruwan inji ya ɗumama. Wannan ba ciwo ba ne. Amma ga inda yake zama ciwo: al'adar nan ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin da kwamfuta ke jira ba, sai giya ta yi ta jan ƙafa, mota ta yi ta shan fetur. Idan allurar zafi ba ta kai kusan tsakiya bayan tafiyar minti goma sha biyar, a mayar da tamostat kafin a yi maganar giya.

Mataki na 6: Ba wa abin da ka ji suna

Santsi tsakanin giya biyu: allura ta yi tsalle sama da ɗari uku ko biyar daidai lokacin canji, sannan ta faɗo. Idan a canji ɗaya ne kullum, misali biyu zuwa uku, to solonoyid ne ko kulochin wannan giyar. Idan a duka ne, ƙarfin mai ne ya ragu.

Santsi cikin giya: kana hawa tudu, ka ƙara totur, inji ya yi ihu mota ba ta ja. Wannan ya fi na farko muni, musamman idan yana ƙaruwa da zafi. Akwai kuma motar da ke tafiya lafiya na 'yan mintuna, ta daina ja gaba ɗaya, a kashe ta a jira ta sake tafiya. Wannan alamar filta ce da ta cika da dattin kulochi.

Duka: canji ya zo da bugu. Idan duk giyoyin suka koma duka rana ɗaya, na fi zargin lantarki, domin kwamfuta idan ta rasa bayanin wani sensa takan ƙure ƙarfin mai don ta kare fayafayai. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 shahararren misali ce. Biren-bos ɗinta ne ke lalacewa ya sa giya duka, har Toyota ta tsawaita garanti a Amurka saboda haka. Wanda ya sauya giyabos ya bar tsohon biren-bos zai kashe sabon ma.

Karkarwa: wajen kilomita 50 zuwa 80, totur kaɗan, sai mota ta yi rawa na 'yan daƙiƙu kamar taya ta hau ƙananan kunyoyin da ake jerawa a titi don rage gudu. Ga gwajin da ke raba gardama. Idan ka tabbatar babu mota a bayanka, riƙe totur yadda yake, ka taɓa birki da ƙafar hagu kaɗan, iya yadda fitilar birki za ta kama. A yawancin motoci wannan na sakin kulochin tok-kombata. Idan karkarwa ta ɓace nan take, tok-kombata ne ko tsohon mai. Idan ta ci gaba, koma kan filogi da koyil. Idan kuma tana zuwa a gudu ɗaya ko da ka ɗage ƙafa daga totur, dubi tayoyi da shaf.

Kai-komo: giya na hawa tana sauka ita kaɗai a hanya mai daidai. A tudu da kaya ɗan haka ba laifi, danna maɓallin O/D OFF mai hana shiga giyar ƙarshe, ko ka sa a 3. A shimfiɗaɗɗen titi kuwa a binciki sensan totur da na gudu.

Maƙalewa: mota ta tashi da nauyi kuma ta ƙi canzawa sam. Kwamfuta ce ta tsare ta a giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, don ka lallaɓa gida. Tsaya, kashe, jira minti ɗaya, sake kunnawa. Idan ta warware na ɗan lokaci, alamar lantarki ce mai ƙarfi. A duba fiyus, soket ɗin giyabos, da ƙarfin batir da caji.

Mataki na 7: Saukowa da zaɓen giya da hannu

Kana kilomita 60, hanya a buɗe, taka totur har ƙasa. Cikin kamar daƙiƙa ɗaya giya ta sauko, mota ta zabura. Sannan ɗage ƙafa ka bar ta ta rage gudu da kanta har ta tsaya, kana sauraron ko akwai bugu a saukowa ta ƙarshe. Bayan haka tashi a L, tura zuwa 2, sannan D. Idan da hannu giyoyin na kamawa da kyau amma a D ta rikice, fayafayai na da rai, matsalar na wajen mai ba da umarni. Kada ka jawo zuwa L kana gudu. Gwada ribas a ɗan tudu ma.

Akwai gwajin da makanikai ke yi na taka birki da totur tare har ƙasa. Ba na ba mai koyo shawarar yin sa. Yana dafa mai cikin 'yan daƙiƙu, ba a wuce daƙiƙa 5, kuma giyar da ke kan gaɓa yana iya ƙarasa ta.

Mataki na 8: Abin da za ka yi da bayaninka

Yanzu takardarka ta ƙunshi launin mai da cikarsa, lambobin kwamfuta, daƙiƙun shiga D da R, da canjin da ke da matsala, a wane gudu, da wane totur, da sanyi ko da zafi. Fara daga mai arha: cika mai da irin da ya dace, gyara yoyo, filogi, injin-sit, tamostat, soket. Sauya abu ɗaya, ka sake gwaji a hanya ɗaya, don ka san abin da ya yi maganin. Idan an cire batir ko an goge lambobi, ba mota 'yan kwanaki, kwamfutar wasu motocin sai ta sake koyon canji.

Man da ya tsufa amma bai ƙone ba, a zubar ta notin ƙasa a zuba daidai abin da ya fita. Kusan rabi ko ƙasa da haka ne ke fita a zubi ɗaya, saboda haka a maimaita bayan an yi 'yar tafiya. Idan aka buɗe farantin ƙasa, ka tsaya ka gani da idonka. Laushin baƙin gari a jikin maganaɗisu abu ne da aka saba. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faifai kuwa na nufin aikin ciki ne, sabon mai ba zai mayar da abin da ya cinye ba. Giyar da ke santsi da ƙonannen mai, a daina hawa ta. Wajen kai ta gareji a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, ko a ɗaga tayoyin da ke ja, domin idan inji na kashe famfo ba ya juyawa, jan ta da igiya mai nisa zai bar kayan ciki suna gogayya ba mai. Idan ta kai ga sayen wani giyabos, a daidaita lambar da ke jikinsa da ta tsohon, a wanke bututun sanyaya mai, kuma a yi yarjejeniya da mai sayarwa cewa sai an yi wannan gwajin na kan hanya, da sanyi da zafi, kafin kwanakin garanti su ƙare.